Dokin Percheron: yadda za ka gane shi, ka zaɓe shi, ka riƙe shi a Kaduna

Masu dawaki a Kaduna sun fara sa ido a kan manyan dawakan Turai, irin waɗanda mutum zai tsaya a gefensu bai hango abin da ke ɗaya gefen ba. Wani don hawan salla yake so, a ce ingarmansa ya fi na kowa a fili. Wani gona gare shi wajen Birnin Yero ko Kujama, kuɗin man tarakta ya ishe shi, yana tunanin ko doki zai ja masa garma. Aikina kula da lafiyar dawaki ne, kuma na taɓa zama a wata gona a Afirka ta Kudu inda ake kiwon irin da ake kira Percheron. Na ciyar da su, na ɗaura musu kayan ja, na ɗaga kofatansu. Ina son dokin nan ƙwarai. Shi ya sa ba na so a kawo shi garin nan a ɗaure shi a turke kamar dokin Arewa, a yi ta ɗura masa gero, damina ɗaya ta tafi da shi.

Inda ya fito

Ka fara sanin ƙasarsa da aikin da aka gina jikinsa dominsa, don duk wahalar da za ka sha da shi a nan daga can ta samo tushe. Sunansa daga Perche ne, wani tsohon lardi a arewa maso yammacin Faransa, gefen Normandi, inda kogin Huisne ya ratsa. Ƙasa ce mai tuddai da ciyawa kore shar, ruwan sama na sauka kusan kowane wata, ba su san rani irin namu ba. A yawancin ranakun da suke kira lokacin zafi, ranarsu ba ta kai tamu ta tsakiyar hunturu ba.

Mutanen wurin suna ba da labarin cewa jinin dawakan Larabawa ya shiga nasu tun bayan yaƙin da aka gwabza kusa da Poitiers a shekarar 732, lokacin da rundunar Musulmin Andalus ta kai tsakiyar Faransa. Wannan labarin baka ne. Abin da ido ke gani dai shi ne kan Percheron ya fi na sauran dawakan ja kyan tsari: goshi mai faɗi, manyan idanu, ƙofofin hanci a buɗe. Makiyayansa kuma suna kai salsalar na yau ga wani ingarma mai suna Jean le Blanc, wanda aka haifa a 1823.

Aikin da ya fara yin suna da shi jan manyan kekunan doki ne masu ɗaukar fasinja da wasiƙu daga gari zuwa gari, kafin jirgin ƙasa ya zo. Ana neman dokin da zai ja kaya mai nauyi yana sassarfa, ya yi tafiya mai nisa bai sare ba. An fi son kili da hurde, don an fi hango su da dare a hanya. Da jirgin ƙasa ya karɓe wannan aiki sai dokin ya koma cikin birni, dubbai suka riƙa jan bas-bas na doki a titunan Faris har zuwa 1913 da aka daina. A 1883 makiyayan suka kafa ƙungiya a garin Nogent-le-Rotrou, suka buɗe littafin rajistar asali.

Tun 1839 aka fara kai shi Amurka. Manoman can sun fi son mai girma, kuma sun ƙaunaci akawal, shi ya sa har gobe baƙin Percheron ya fi yawa a wajensu. A shekarun 1930, kusan kashi 70 cikin 100 na dawakan ja masu tsantsar asali a Amurka Percheron ne. A yaƙin duniya na farko shi ya riƙa jan igwa da kayan soja cikin taɓo. Bayan yaƙi na biyu tarakta ta shigo, kasuwarsa ta mutu, har ta kai a 1954 guda 85 kacal aka yi wa rajista a Amurka baki ɗaya. A Faransa abin da ya hana irin ƙarewa shi ne kiwonsa don nama, kuma wannan ya sa aka riƙa zaɓen masu ƙiba da nauyi fiye da masu tafiya.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe ka kai tsaye. Yau Faransawa sun raba shi gida biyu: mai nauyi na jan garma da gungume, da kuma mai tsawon ƙafa marar nauyi sosai, irin na jan keke, wanda suke kira diligencier. Idan Kaduna za ka kawo, na biyun za ka nema. Jiki yana yin girma, zafin da yake tarawa a ciki yana ƙaruwa fiye da fatar da za ta fitar da shi. Doki mai kilo 750 zai iya jure watan Maris ɗinmu ta yadda mai kilo 1,100 ba zai iya ba.

Kada kuma dillali ya haɗa maka shi da 'yan uwansa. Shire na Ingila da Clydesdale na Sukotilan suna da dogon gashi da ya lulluɓe ƙafafu tun daga ƙasan gwiwa har kofato. Shire ya fi kowa tsawo, wani da ake kira Sampson da aka haifa a 1846 ya kai santimita 219. Na Beljiyam ja ne mai farar geza a mafi yawan lokaci, gajeren wuya, ƙaton ƙirji. Gashin ƙafar nan na Shire da Clydesdale shi ke burge mutane a hoto, amma a daminar Kaduna masifa ne. Yana riƙe laka da danshi, ƙananan ƙwari su zauna a ciki, fata ta tsage ta yi ruwa, kuma irin nan suna da wata cutar kumburin ƙafa da ke ƙaruwa da shekaru, ba ta warkewa. Ƙafar Percheron kusan fes take, gashi kaɗan ne a bayan idon sawu. Wannan kaɗai ya isa in fifita shi a kan sauran.

Yadda za ka duba shi kafin ka biya

Tsawonsa daga santimita 155 zuwa 185 ne, nauyi kuma daga kilo 500 zuwa 1,200. Ana auna tsawon doki daga ƙasa zuwa ƙashin da ya ɗago a gindin geza, inda wuya ya haɗu da baya, ba daga kai ba. Masu sayarwa da ma'aunin tafin hannu suke magana, kowane hannu inci 4 ne, wato santimita 10 da ɗan ɗoriya. Idan an ce maka hannu 17, santimita 173 ke nan. Dawakanmu na gida yawanci tsakanin hannu 14 da 15 suke.

Nauyi ya fi tsawo muhimmanci, don da shi za ka lissafa abinci da magani. Ba sai kana da sikeli ba. Ɗauki tef na tela, ka zagaye ƙirjinsa daidai inda majanyi ke zama. Sannan ka auna tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ƙashin ɗuwawu. Ka ninka zagayen ƙirji da kansa, ka sake ninkawa da tsawon jiki, ka raba da 11,880. Ƙirji 230 da tsawo 195 zai ba ka kusan kilo 870. Gwada a dokinka na gida: ƙirji 160 da tsawo 145 kusan kilo 310 ne. Abin da kake shirin kawowa ya kusa uku na wanda ka saba da shi.

Bayan awo, ka sauke idonka ƙasa. Mai sayen doki a wajenmu wuya da geza da launi yake fara kallo, amma dokin ja ƙafa ce jarinsa. Kofaton Percheron ya kai faɗin farantin tuwo, kuma ya kamata ya zama mai tauri, ba tsagewa, ba zobba-zobba a jikinsa. Ka sa a ɗaga maka ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya. Dokin da ba ya ba da ƙafa da kansa, ba wanda zai iya ƙwace ta daga gare shi a bargarka. Ka kuma sa a ja shi da baya taki biyar ko shida. Idan ka ga ƙafar baya ta ɗaga sama ta tsaya tana rawa, wutsiya na karkarwa, wannan wata lalurar jijiya ce da aka sani a manyan dawaki, kuma ba ta da magani. Ka bar shi.

Idan kili ne ko hurde, ɗaga wutsiya ka duba ƙarƙashinta. Fararen dawaki suna fitar da baƙaƙen ƙulluttai a wurin idan shekaru suka ja. Kada kuma duƙushi baƙi ya ruɗe ka, yawancin hurde da duhu ake haihuwarsu, suna girma suna haske. Ni kili ko hurde nake ba da shawara a nan, farin gashi a kan baƙar fata shi ya fi dacewa da ranarmu. Na Faransa masu rajista akan yi musu shaida a wuya da haruffan S da P a sarƙe. Ka nemi takardar asali, ka nemi kuma sakamakon gwajin cutar tsoka da zan yi bayaninta a gaba. Da 'yan silin geza da aka tuge da saiwarsu ake yin gwajin, ba wani abu ne mai wahala a wajensu ba.

Na san a wajenmu ingarma ake hawa, fiɗiyayyen doki ba ya da daraja a fili. Amma ingarma mai kilo 900 idan ya ji ƙanshin goɗiya, yaron barga ɗaya ba zai riƙe shi ba. In ba kiwo za ka yi ba, ka ɗauki fiɗiyayye ɗan shekara 5 zuwa 8 wanda ya riga ya koyi aiki.

Shigo da shi sai da izinin hukumomin tarayya masu kula da lafiyar dabbobi da na hukumar killacewa ta NAQS. Ka tsara ya sauka a farkon hunturu, Nuwamba ko Disamba, ya samu watanni na sanyi da ƙarancin ƙwari kafin zafin bazara. Ka kuma sani idan ya shigo ya shigo ke nan, Turai ba ta karɓar doki kai tsaye daga Najeriya saboda ciwon dawakan Afirka.

Ƙyashi, kaska da zafi

Wannan ciwon shi ne babban abin tsoro. Ƙyashi ke yaɗa shi, ƙwaron nan ɗan mitsitsi da bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, mai cizo daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Dawakanmu da jakunanmu sun taso da shi, jikinsu ya saba, jaki ma yakan ɗauka bai nuna komai ba. Baƙon doki kuwa, cikin goma da suka kamu tara na iya mutuwa. Alamarsa zazzaɓi, sai ramin da ke saman ido ya cika ya kumbura, kai da wuya su kumbura, numfashi ya yi wuya, a ƙarshe kumfa ta fito ta hanci. Ba shi da magani. Akwai allurar riga-kafi da ake yi a Onderstepoort a Afirka ta Kudu, kashi biyu ce, ana ba da ta biyu bayan aƙalla mako 3 da ta farko, kuma a lokacin da ƙwari suka yi ƙasa ake yin ta. Ka shirya wannan da likitan dabbobi tun dokin bai taso ba. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana kusa, masu dawakan Ajantina na folo a dandalin Murtala da Kangimi su ma sun daɗe suna fama da wannan matsala, ka je ka ga yadda suke yi.

Allura kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da barga. Ɗakinsa ya kai mita 4.5 kowane gefe, ƙofa mai faɗin mita ɗaya da rabi, rufi mai tsawo da silin a ƙarƙashin kwano. Ragar sauro ta gida ƙyashi na ratsa ta, sai ka nemi mai ƙananan ido, ka riƙa fesa mata maganin ƙwari. Ka sa fanka, don ƙyashi ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi, kuma ka tanadi sola ko janareta saboda daren da babu wuta. A ƙasa mai danshi da ta gauraya da kashin dabba yake hayayyafa, don haka famfon da ke ɗiga a bayan barga da jujin taki su ne gidansa. A gyara famfo, a kwashe taki kullum a kai nesa. Da damina dokin ya shiga ɗaki awa 2 kafin faɗuwar rana, kada ya fito sai rana ta yi awa 2 da fitowa.

Kaska tana kawo zazzaɓin da ke farfasa jini, fatar ido ta yi rawaya. Kowace safiya a shafa hannu a cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi. Ƙudan tsando kuma yana nan a kurmin bakin rafuka, ba banza aka kafa cibiyar binciken sammore ta ƙasa a Kaduna ba. Kada a kai shi kiwo ko wanka a inuwar bakin kogi. A yi masa allurar tetanus ma.

Zafin jikin doki lafiyayye digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, numfashi 8 zuwa 16 a minti idan yana hutawa. Sayi ma'aunin zafi ka koya wa yaron barga, a auna kowace safiya a rubuta. Yawancin cututtukan nan da zazzaɓi suke farawa kafin ido ya ga komai. Bayan aiki a yi ta kwara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya sauka. Idan ka ga rana ta take, yana haki amma jikinsa a bushe, gumi ya ɗauke masa ke nan. Wannan na samun dawakan ƙasar sanyi da aka kai ƙasar zafi, kuma dokin da ba ya gumi ba ya aiki, sai inuwa da fanka.

Abinci, inda aka fi yin ɓarna

Doki na cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kowace rana. Mai kilo 870 zai ci kilo 15 zuwa 17, dokinka na gida kilo 6 ya ishe shi. Ruwa kuwa lita 45 ne mafi ƙaranci ranar da yake hutawa cikin sanyi, da zafi ko aiki ya ninka. Ba a yi masa ruwa sau biyu a rana da bokiti, randa ko baho za a ajiye masa a cike dare da rana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ka zauna ka lissafa damin harawa nawa wannan zai ci daga Nuwamba zuwa Mayu, ka saya tun da kaka kafin ta yi tsada.

Al'adarmu ita ce wanda yake son dokinsa ya cika masa gero da dawa da dusa. Ga Percheron wannan soyayyar kisa ce. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wata lalura ta gado wadda ke sa tsoka ta tara sukari fiye da kima. Tun zamanin da ake aiki da su a Turai aka san ta, har suna kiran ta ciwon safiyar Litinin: doki ya huta ranar Lahadi an ba shi hatsi cikakke, ran Litinin an ɗaura masa kaya, bai yi nisa ba sai ya sandare. Tsokar ɗuwawu ta yi tauri, gumi ya karyo, ya ƙi ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu. Fitsarin nan tsoka ce ke narkewa tana bi ta ƙoda. Yanzu ka duba yadda muke riƙe dokin hawa: wata da watanni a turke yana cin gero, ranar salla a fito da shi ya wuni a rana. Ba abin da ya fi wannan tayar da ciwon. Idan ya faru, a tsaya cak inda ake. Kada a ja shi, kada a yi masa bulala don ya taka, a kawo masa inuwa da ruwa a kira likita.

Hanyar kauce masa ita ce ciyawa ta zama kusan duk abincinsa. Harƙiya da sauran ciyawa masu laushi da aka yanka kafin su tsufa, a haɗa da harawar gyaɗa ko ta wake kamar kashi ɗaya cikin uku. Idan kana da fili, ka tambaya a cibiyar NAPRI da ke Shika game da ciyawar da ake shukawa don yanka. Hatsi ya zama ɗan kaɗan, ranar da ba aiki kuma a janye shi. Idan yana ramewa, a ƙara masa man gyaɗa ko na waken soya a kan abinci, a fara da rabin kofin shayi a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Kuma kullum ya motsa. Ko ba aiki a yi masa kilisa, ko a sake shi a fili mai shinge da inuwa. Turke da dabaibayi ba nasa ba ne.

Dusa zalla ma tana da illa, idan ta yi yawa ba harawa tana zuƙe sinadarin ƙashi har fuskar doki ta kumbura. Gishiri ya zama yana gabansa kullum, kanwa ba ta maye gurbinsa ga dabbar da ke zubar da gumi haka. Abubuwa uku kuma kada su kusanci bakinsa ko da wasa. Masarar da ta yi fumfuna tana lalata ƙwaƙwalwar doki. Gyauron dawa guba ne, kamar yadda kowane makiyayi ya sani. Abincin kaji na buhu kuma sau da yawa yana ɗauke da wani maganin da kaji ke jurewa amma yana tsayar da zuciyar doki, ko kaɗan ne. Gidajen da ake kiwon kaji da dawaki wuri ɗaya suna da yawa a Kaduna, a raba ma'ajiya, a raba mudu.

Maganin tsutsa na bututu da ake sayarwa yawanci na doki mai kilo 600 zuwa 700 ne, ɗaya bai ishe shi ba. Maganin sa barci kuma akasin haka ne, manyan dawakan ja ba sa ɗaukar da yawa gwargwadon nauyinsu. Wannan aikin likita ne, ba na yaron barga ba.

Kayan aiki

Doki ba ya ja da karkiya. Sa yana da tozo da wuyan da itace zai zauna a kai, doki kuwa da kafaɗa yake turawa. Abin da ake sa masa wani gammo ne na fata mai cushe da ke zagaye gindin wuya ya kwanta a kan kafaɗu biyu, daga jikinsa igiyoyin ja suke tafiya baya. Ka sayo shi tare da dokin, a auna a jikinsa. Idan ya zauna daidai, tafin hannunka zai shiga tsakaninsa da maƙogwaro, yatsu kawai za su shiga ta gefe. In ya yi sako-sako zai goge fata ya yi gyambo, in ya matse zai shaƙe shi. Daga baya dukawanmu za su iya kwaikwayon sauran kayan fata, maƙeran Panteka kuma su haɗa maka amalanke mai tayar mota, amma ka ce lallai su sa birki, don kada kaya su bi shi a gangara.

Abin da zai iya ja ya wuni yana yi bai wuce ƙarfin da ya kai kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyinsa ba. A kan taya da hanya mai kyau wannan kaya ne mai yawa, a cikin ƙasa mai danƙo kuwa garma ɗaya ce. Kofato a gyara shi duk mako 6 zuwa 8, a kuma tsabtace ƙarƙashinsa kullum, musamman da damina da yake ruɓewa ya yi wari. Ka samu mai gyaran kofato tun kafin dokin ya iso, ka tambaye shi ko zai iya, don takalmin girmansa ba a samunsa a kasuwar nan.

Wani dattijo mai gona ya taɓa tambayata, "Likita, tsakani da Allah, shi da shanun huɗa wanne ya fi?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a gonarka shanu." Dokin ya fi su sauri, gaskiya ne. Amma lokacin huɗa shi ne lokacin ƙyashi, sai wajen ƙarfe 8 zai fito, kafin 11 rana ta kore shi. Bijiman Bunaji biyu tun da asuba suna cikin kunya, suna cin abin da gona ta bayar, bayan 'yan shekaru ka kai su Zangon Tudun Wada ka sayar da riba ka sayi ƙanana. Inda Percheron zai yi maka rana shi ne jan amalanke a cikin babbar gona da rani, ko keken doki na biki.

A hawa kuma yana da abin da ya fi kowa: sanyin hali. Manyan dawakan ja ne ke ɗaukar tambura a faretin masarautar Ingila, ana kaɗawa a bayansu ba sa ko gezau. Zai ɗauki mahayi da lifidi ya yi takama a hankali cikin kiɗa da ƙarar bindiga, idan an saba masa da su tun a gida. Jafi da zamiya kuwa ba a sa shi, nauyinsa zai ci gwiwoyinsa na baya. Sirdinmu na itace an sassaƙa shi ne don siririn baya, a nasa zai tsaya a sama ya cije shi, sai an yi masa nasa. Linzaminmu mai zobe ya yi masa ƙanƙanta kuma ya yi masa tsanani. Bakinsa na buƙatar mai faɗin inci 6 ko fiye, marar kaifi, don da murya da ɗan jan hannu aka hore shi.

Wanda girma kawai yake nema don hawa, akwai hanyar da ta fi sauƙi: barbara. Duƙushin da aka haifa a nan daga goɗiyar gida yana shan kariya daga nonon farko na uwarsa, yana kuma tashi da ranarmu. Kada dai a sake ingarma mai kilo 900 a kan goɗiya mai kilo 300, zai iya karya ta. Ta hanyar allurar maniyyi ake yi, a hannun likita, kuma a zaɓi goɗiya mafi girma da faɗin ƙugu, irin Sudan ko Ajantina. Wani gwaji da aka yi a Ingila a 1938 tsakanin Shire da ƙaramin kuru na Shetland ya nuna girman duƙushi ranar haihuwa uwa yake bi, daga baya ne jinin uba ke fitowa. Ciki wata 11 ne, don haka ka lissafa haihuwa ta faɗo a farkon hunturu. Tun yana ɗan kwanaki a riƙa ɗaga masa ƙafa, a sa masa ragama, a koya masa ja da baya, don wata shida kawai zai yi ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Irin nan suna jinkirin ƙosawa. Komai girman da ya yi a shekara 2, ƙashinsa bai gama haɗuwa ba, kada a ɗora masa sirdi ko kaya mai nauyi sai ya cika shekara 4.